Gawo Ya Samu Mai Shi, Burtali da Ƙorama Fa?

Duk wanda ya biyo hanyar da ta taso daga Takieta, ta ratsa Matameye, ta gangara Dan Barto wajen iyakar ƙasar Daura, in a tsakiyar rani ne, abin da zai fara cika masa ido shi ne gawo. Ƙasa ta bushe ƙayau, an kwashe karan gero, iska na ta tayar da ƙura, amma gonaki kore shar, gawo na bin gawo har iyakar ganin ido. Baƙo sai ya ɗauka haka wurin yake tun fil azal, alhali bayan farin 1973 da na 1984 gonaki da yawa a nan fili ne fetal, kuma mafi yawan itatuwan da ake gani yau ba su kai masu gonakin shekaru ba. Manoma ne suka bar tohon da ya fito da kansa, suka rage masa rassa, suka tsare shi daga gatari da bakin akuya har ya girma. Sai dai in matafiyin ya sauka daga kwalta ya nemi burtalin da garke ke bi, ko mashayar da ke bakin tafki, ko hurumin da a da yake kewaye da gari, labarin zai canza. Abin da ke cikin gonar mutum ɗaya ya farfaɗo, abin da yake na kowa da kowa kuwa kullum ƙanƙancewa yake yi. A ganina dalilin da ya raya gawo shi ne zai iya ceto burtali da ƙorama, kuma in ba a hanzarta ba, jikokin masu wannan gawo za su gaji inuwa ba tare da hanyar kai dabba ga ruwa ba.

Sai a fara da girman abin da aka cim ma, domin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2006 masanin itatuwa Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, ciki har da Chris Reij, sun binciki gundumomi uku na jihar Damagaram, wato Magarya, Matameye da Mirya, suka ƙiyasta cewa manoma sun mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 1, kuma gawo ne ya fi yawa a ciki. Da aka haɗa hotunan jirgin sama na da da na tauraron ɗan'adam na yanzu, aikin da Gray Tappan ya yi fice a kansa, lissafin Nijar baki ɗaya ya kai wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. A ƙasar Maradi, inda Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a 1983, ana kiranta sassabin zamani. A kudancin Damagaram kuwa galibi ido ne ya koya daga gonar maƙwabci. Hikimar gawo sananniya ce ga kowane manomi: da damina yakan kaɗe ganyensa, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma ya yi ganye ya zubar da 'ya'yan da tumaki da shanu ke ƙiba da su, dabbobin da suka kwanta a inuwarsa su bar kashi a gindinsa. Wani bincike da Farfesa Yamba Boubacar na jami'ar Yamai ya jagoranta ya nuna gundumar Kance, wato ta Matameye, ta yi rarar hatsi kowace shekara daga 2007 zuwa 2011, har a shekarar fari ta 2011 rarar ta haura tan dubu 13.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa manomi ya soma barin itace a gonarsa a wannan lokaci, bayan ya daɗe yana tumɓuke shi. Ƙasar nan ta gwada tsare gawo da tsoro har sau biyu. Ana ba da labarin cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, wanda ya sare gawo yana iya rasa kansa, kuma itacen ya tsira muddin takobin na nan. Daga baya dokar daji ta Faransa ta 1935, da dokar 1974 da ta gaje ta, suka sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Sakamakon kowa ya san shi: manomi ya fahimci cewa itacen da ya girma a gonarsa ƙofa ce ta shigowar ma'aikacin gandun daji da takardar tara, sai ya riƙa kashe tsiron tun yana ƙarami. Da hannun hukuma ya yi sanyi daga tsakiyar shekarun 1980, mutane suka soma ɗaukar itacen gona a matsayin nasu, sannan dokar tsarin karkara ta 1993, dokar daji ta 2004 da dokar 2020 kan sassabin zamani suka bi bayan abin da talakawa suka riga suka yi. Da gawo ya samu mai shi, wanda zai ci moriyarsa kuma zai yi faɗa a kansa, sai ya yawaita fiye da yadda takobi ko tara suka taɓa sa shi yawaita.

Yanzu a juya ga abin da ba shi da mai shi. Ƙidayar 2001 ta samu mutum kimanin dubu 246 a gundumar Kance, ta 2012 ta samu kusan dubu 400, a kan ƙasar da ba ta kai murabba'in kilomita 2,500 ba. Wato tun a lokacin fiye da mutum 160 ne a kan kowace murabba'in kilomita, cunkoson da samun irinsa a karkarar Nijar sai an tona. A irin wannan wuri saura ta ƙare, ba sauran dajin da za a sare a yi sabuwar gona, don haka gona ba ta da inda za ta faɗaɗa sai cikin abin jama'a. Ba a cinye burtali rana ɗaya. Bana mai gonar dama ya ƙara kunya biyu, baɗi na hagu ya ga ba wanda ya tanka shi ma ya ƙara uku, a shekara goma hanyar da garken shanu ke wucewa a sake ta koma siririya da ko amalanke ba ta ratsawa sai da dabara. Makiyayar da ke tsakanin ƙauyuka, inda dabbobin gari ke wuni da damina, ana ba wani aron gefenta don ya shuka wake shekara ɗaya, aron ya zama gado. Babu ɗaya daga cikin masu yin haka da yake ganin kansa ɓarawo, domin kowa kaɗan ya ɗiba, kuma ba wanda zai nuna a ce shi aka cuta. Wanda aka cuta shi ne yaron da ba a haifa ba tukuna, shi kuwa ba ya zuwa fadar maigari ya kai ƙara.

Ruwa ma haka yake, har ya fi. Albarkar kudancin Damagaram tana cikin kwarin Korama da rassansa, inda ruwan ƙasa ke kusa har a wasu wurare a haƙa kamu kaɗan a same shi. Daga nan ne raken da aka san ƙasar Kance da shi ke fitowa, da rogo, dankali, albasa, tumatir, kabeji da salak da ke cika kasuwanni da rani, har a tsallaka da su Najeriya. Garka a fadama ita ce ke riƙe magidanci a gida bayan girbi maimakon ya tafi cin rani. Amma fadama ba ta rayuwa ita kaɗai: ruwanta daga jigawar da ke samanta yake zuwa, kuma in an aske gangaren, an noma shi har bakin ruwa, rairayi ne zai biyo ruwan sama ya binne tafkin sannu a hankali. Kacala na shaƙe inda ruwa ke kwanciya, kanwa na tasowa a inda aka wahalar da ƙasa, injin ban ruwa kuma ya sa kowa na iya zuƙar abin da guga ba ta taɓa zuƙa ba, daga tulu ɗaya da ke ƙarƙashin ƙafar kowa. Ga kuma shingen garka da ke zagaye tafki har ya rufe mashaya. A cikin garuruwa, kududdufi da magudanar da ruwa ya saba bi ana cike su a yanka filaye, kuma damina irin ta 2024, wadda ta kashe kusan mutum 400 a Nijar ta kuma rushe tsohon masallacin unguwar Birni a garin Damagaram, ta tuna wa kowa cewa ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ita kanta gonar gado ba ta tsira ba. Gandun da kaka ya noma da 'ya'yansa an raba shi, an sake rabawa, har rabon wani bai isa ya ciyar da gidansa wata huɗu ba. In rashin lafiya ko biki ko yunwar bazara ta matsa, sai a ba da gonar jingina, in an kasa fansa ta zama sayarwa, ta koma hannun mai kuɗin da ke zaune a birni. Wadda ake fara karɓe wa ƙasa ita ce mace: gamanar da miji ke yanka wa matarsa ita ce ta farko da ke komawa cikin gandu in wuri ya yi ƙunci, abin da Marthe Diarra da Marie Monimart suka bayyana tun 2006 game da kudancin Nijar. Wannan ne ya warware abin da ke kama da almara, cewa gundumar da ke rarar hatsi ita ce kuma ta yi suna wajen tafiyar mata da yara bara Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada arewa da Arlit, yara 52, mata 33, maza 7, kuma galibinsu daga ƙasar Kance suka fito. Dalilan wannan tafiya suna da yawa, amma rumbun gunduma na iya cika alhali gidan da ba shi da gona ba shi da ko tiya. Marar gona da abin jama'a yake rayuwa: itacen girki, ciyawar sayarwa, kabar saƙa, ganyen miya, wurin kiwon akuya biyu. Duk taƙin da aka cinye daga makiyaya, daga kwanonsa aka ɗebe shi.

Wani zai ce ai wannan halin ɗan'adam ne, abin tarayya dole ya lalace. Wani masani ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya yi wannan iƙirari a 1968, kuma an daɗe ana kafa hujja da shi a ce mafita biyu ce kawai, ko a raba wa ɗaiɗaiku ko hukuma ta ƙwace. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta tattaro misalai daga ƙasashe da yawa ta nuna cewa makiyaya da dazuzzuka da magudanan ruwa na tarayya sun yi ɗaruruwan shekaru lafiya a inda iyakarsu take a bayyane, masu amfani da su suka tsara ƙa'ida da kansu, akwai mai sa ido, akwai hukuncin da ke hawa daki-daki, hukuma kuma ta amince da haƙƙinsu. Ba sai an je nesa neman shaida ba. A Takieta, maƙwabciyar Matameye ta arewa, akwai gandun daji na gwamnati mai fiye da hekta dubu 6 wanda ya kusa ƙarewa a hannun kowa da ba kowa ba. Daga 1995 zuwa 2000, da taimakon ƙungiyar SOS Sahel, ƙauyukan da ke kewaye da makiyaya masu wucewa suka zauna suka kafa ƙungiyar Ku Taya Ni, suka karɓi ragamar kula da dajin, suka sa ƙa'idar kiwo da ta yankan ciyawa da itace. Dajin bai zama na mutum ɗaya ba, amma ya samu mai shi. Abin da ke kashe kayan tarayya shi ne rashin sanin iyakarsa da rashin wanda aka ɗora wa amanarsa da suna.

Za a ce kuma doka ai tana nan, me ake nema? Gaskiya ne, kuma dokar Nijar a wannan fanni tana cikin waɗanda ake yabawa a Afirka ta Yamma. Dokar 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta sa burtali da hanyoyin garke cikin dukiyar al'umma da ba ta sayuwa, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, waɗanda daga baya aka faɗaɗa su daga na gunduma zuwa na ƙaramar hukuma har na ƙauye, inda maigari ke zama da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce zirga-zirga da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, ta hana wani ya mallake filin kiwo na jama'a shi kaɗai. A shekarar ce aka yi dokar ruwa. Sai dai doka a Yamai take kwana, burtali kuwa a ƙauye ake cinye shi. Kwamitin da ba shi da kuɗin man babur, wanda ke farkawa in wani shiri na ƙasashen waje ya zo ya kuma koma barci in shirin ya tashi, ba zai tsare ko taƙi ɗaya ba. Sannan kusan duk takardar da talaka ke nema a wurin Kofo ta gonarsa ce, ta saye ko jingina ko gado, domin ita ce ke da mai biyan kuɗinta. Takardar makiyaya da ta mashaya ba mai zuwa nema. Ko a ofishin da aka kafa don kare abin kowa, abin mutum ɗaya ne ke samun layi.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta ciki. Magidanci mai 'ya'ya tara da rabin hekta zai ce: ku bar ni in shuka wannan fili da shanu ke tattakewa, jikokin da kuke magana a kansu sai 'ya'yana sun rayu za a haife su. Ba a amsa wannan da wa'azi, sai da lissafi. In aka ɗauki makiyaya mai hekta 50 aka raba wa gidaje 100, kowa ya samu rabin hekta na ƙasar da galibi don rashin kyanta aka bar ta tun farko. Cikin shekara ashirin an raba wannan rabin ga magada, an koma gidan jiya, sai dai yanzu babu makiyayar. Dabbobin gari, waɗanda su ne asusun talaka kuma jarin mace, ba su da wurin zuwa da damina sai turke, ciyawa ta koma ta saye, wanda ba ya iya saye ya sayar da dabbar, takin da ke riƙe da gonar jigawa ya ragu, gero ya ragu. An ci iri ke nan don a kashe yunwar dare ɗaya. Ƙarin abincin da aka samu a ƙasar Kance cikin shekarun nan daga inganta gonar da ake da ita ya fito, ta hanyar gawo da taki da haɗa gero da wake da noman rani, kuma duk waɗannan sun dogara ga dabba da ruwa. Mai kare makiyaya da ƙorama gonar wannan magidanci yake karewa, ko da shi magidancin bai gode masa ba a bana.

Akwai masu cewa burtali na baƙi ne, Fulani da Buzaye masu wucewa su yi ɓarna su tafi, don me za a hana ɗan gari ƙasa saboda su? Da farko dai, yau a kudancin Damagaram kusan kowane manomi makiyayi ne, kuma shanun huɗa da na amalanke da tumakin layya na ɗan gari ta wannan burtali suke bi. Na biyu, garken da ke hawa arewa da farkon damina ya gangaro da kaka ba zai fasa tafiya don an toshe hanya ba, sai dai ya bi ta cikin shuka, daga nan sai sanda, sai kibiya. Nijar ta ga ƙarshen wannan hanya a Toda ta ƙasar Maradi a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe fiye da mutum ɗari, yawancinsu mata da yara na Fulani. Tsallaken iyaka kuma, Arewacin Najeriya ya yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, amma aka bar yawancinsu ba a tabbatar da iyakarsu ba, aka yi ta yanka su ana rabawa, kuma duk wanda ya san yadda rikicin Zamfara da yammacin Katsina ya faro ya san cinye makiyaya da burtali na cikin tushensa, ko da yake daga baya abin ya rikiɗe ya zama wani dodo dabam. Daga Matameye zuwa ƙasar Katsina tafiyar ɗan lokaci ce, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka. Makiyayi ma da nasa nauyin: ya tsaya cikin burtali, ya jira ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki, ya biya ɓarna in ya yi. Amma ba a neman mutum ya bi hanyar da aka shuke.

Sai masu cewa ƙasa ta mai ita ce, in ya ga dama ya sayar, in gari ya faɗaɗa a yanka filaye, wannan shi ne ci gaba. Ba wanda ke neman hana Matameye girma ko hana mutum sayar da abin da ya gada. Amma al'adarmu da addininmu ba su taɓa ɗaukar duk ƙasa a matsayin hajar kasuwa ba. Kalmar hurumi da kakanni suka bar mana daga fiƙihu ta fito, inda rijiya da kogi da gari kowanne ke da kewayen da ba a mallaka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don kiwo, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar ta ga jama'a, kuma sanannen hadisi ya sa ruwa da ciyawa da wuta cikin abin da mutane ke tarayya a kai. A ƙasar Hausa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu musamman kan hukuncin mallakar ƙasa. Nijar ta yi dokar wakafi a 2019. Attajirin da ke gina masallaci na biyar a unguwa ɗaya zai iya sayen gonar da ta toshe mashaya ya mayar da ita wakafi, ladarsa na gudana muddin dabba na shan ruwa a wurin. Game da filayen gini kuwa, hankali ya ce a tura gari wajen tudu da ƙasa mai tsakuwa, a bar fadama da hanyar ruwa, domin gida ana gina shi ko'ina, rake kuwa ba ya fitowa sai inda Allah ya ajiye damshi.

Saura tambayar wa za a ba amana. Masu cewa a bar wa hukuma su tuna abin da ya faru da gawo lokacin da yake hannun hukuma ita kaɗai. Masu cewa a bar wa sarakuna su tuna cewa sarauta ta tsare hurumi shekaru aru-aru, amma kuma ba a taɓa sayar da makiyaya ba sai da sa hannun wani mai faɗa a ji, na gargajiya ko na ofis. Tsaron da ya fi inganci shi ne idon jama'a, kuma ido ba ya tsare abin da bai san iyakarsa ba. Don haka aikin farko shi ne kowace ƙaramar hukuma cikin tara na gundumar Kance ta zaga da dattawan da suka san inda iyaka take tun ba su ƙare ba, tare da manoma da makiyaya da mata, a auna kowane burtali da makiyaya da tafki da mashaya, a kafa turakun siminti, a dasa shinge mai rai a bi layin. A rubuta sakamakon da Hausa, boko da ajami, tunda kundin Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, a manna a ƙofar maigari, a karanta a rediyon gari. Kowane wuri a ɗora shi a wuyan kwamiti mai sunaye, wanda ke da ikon cin tara kaɗan da sayar da ciyawa da itacen da ya bushe, ya kuma karanta lissafinsa a bainar jama'a sau ɗaya a shekara. A ware wa Kofo kaso tsayayye daga harajin kasuwar dabbobi, tunda dabba ce ke bin burtalin. Inda aka farfaɗo da ƙasar da ta mutu, a fara ba ƙungiyoyin mata da marasa gona aronta da takarda mai wa'adi.

Ban ce wannan zai warware komai ba. Ƙasar da jama'arta ke ninkuwa cikin kusan shekara ashirin ba za ta ciyar da kowa da fartanya ba, komai kyan tsarinta. Dole wasu su rayu da sana'a, da karatu, da kasuwancin iyaka, da sarrafa rake da gyaɗa da rogo maimakon sayar da su ɗanye. Amma wannan ma hujja ce ta tsare abin jama'a, domin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta na shekaru talatin masu zuwa duk fili suke bukata, kuma garin da ya sayar da huruminsa yau zai sayi ƙasa da tsada gobe don ya binne matattunsa. Akwai kuma bambanci tsakanin asarar da ake mayarwa da wadda ba a mayarwa. Gawo ya dawo cikin shekara ashirin saboda saiwarsa da irinsa suna nan a ƙasa suna jira. Burtalin da aka gina gidaje a kansa, ko tafkin da rairayi ya binne aka yanka shi filaye, ba shi da saiwar da zai toho daga gare ta.

Mutanen Matameye da Kance da Dungu da Tsauni sun riga sun yi abin da masana suka ce ba zai yiwu ba: suna ƙaruwa, itatuwansu na ƙaruwa tare da su. Sun yi shi ne ba da umarnin kowa ba, ranar da kowane manomi ya tabbata cewa tsiron da ya bari nasa ne da 'ya'yansa. Abin da ya rage ya fi wuya, domin yana bukatar mutum ya tsaya wa abin da ba zai taɓa shiga rumbunsa shi kaɗai ba, ya ce wa ɗan'uwansa ko surukinsa ya janye kunya uku daga hanyar shanu. Dattawan da suka san asalin iyakokin nan suna raguwa kowace shekara, kuma duk wanda aka kai makwancinsa da taswirar ƙauyensu a ka ya tafi. Ranar 3 ga Agusta mai zuwa, da za a fito bikin dashen itace kamar yadda aka saba, zai fi amfani a ɗauki dashen a kai shi gefen burtali da bakin tafki, a jera shi kan iyaka a gaban shaidu, ta yadda yaron da zai koro shanu ta wurin nan da shekara arba'in zai tarar da hanya a buɗe, da gawo dama da hagu yana nuna masa inda ta bi.